Zazzaɓin da madubin asibiti ba ya gani: Yadda masana ke leƙen ƙwayoyin cutar sauro

Duk shekara idan damina ta yi nisa, Kogin Yobe ya cika ya tumbatsa, ruwa ya malale fadamun da suka tashi daga Haɗeja zuwa Nguru har Gashuwa, abu biyu ke sauka a lokaci guda: albarkar shinkafa da kifi, sai kuma rundunar sauro. Daga watan Agusta zuwa Oktoba da wuya ka zaga unguwa a wannan yanki ba ka ji gidan da ake jinyar mai zazzaɓi ba.

Kaso mai yawa na wannan zazzaɓi maleriya ce, babu ja a kai. Amma kowa ya san irin labarin nan: jikin yaro ya yi zafi rau, an kai shi asibiti, an soki yatsa an yi gwajin maleriya, sakamako ya nuna babu. Uwa ta ce gwajin ne bai gani ba, a biya kemis a yi masa allurar kwana uku. Zazzaɓi bai sauka ba, sai a ce ai taifod ne, a ɗora shi kan wani maganin. Kuɗi sun tafi, yaro ya sha wuya, kuma har ya warke ko ya rasu babu wanda ya san abin da ya kwantar da shi.

Sau da yawa gwajin gaskiya ya faɗa. Ba maleriya kaɗai sauro ke ɗauka ba. Akwai zazzaɓin shawara, da dengi, da cikungunya, da Zika, da zazzaɓin Yammacin Nilu, da na Kwarin Rift wanda ya fi kama dabbobi. Dukkansu ƙwayoyin cuta ne na jinsin da ake kira bairos, kuma maganin maleriya ko na taifod ba ya yi musu komai. A wannan makon za mu leƙa ɗakin binciken masana mu ga yadda suke kallon waɗannan ƙwayoyi suna aiki a cikin rayayyen nama, domin yawancin shawarar da likita zai ba ka a kansu daga can ta samo asali.

Me ya sa madubi ba ya ganinsu?

An gina jikin mutum ne da ƙananan ɗakuna masu rai, kamar yadda ake jera tubali a tayar da gida. Su ake kira ƙwayoyin halitta, ko sel a bakin 'yan makaranta. Ƙwayar maleriya tana da ɗan girma. Idan ma'aikacin ɗakin gwaji ya shafa jini a kan gilashi, ya zuba masa rini, ya leƙa ta madubin likita, zai gan ta zaune a cikin jan sel ɗin jini. Ƙwayar dengi ko ta shawara kuwa, sai ka jera guda 20,000 kafin su cika tsawon milimita ɗaya. Madubin likita na yau da kullum, komai sabuntarsa, ba ya iya tantance abin da bai kai ninki huɗu na wannan girma ba. Saboda haka ba sakacin ma'aikaci ba ne idan ya duba jini bai ga komai ba.

Akwai wani babban madubi mai amfani da ƙwayoyin lantarki a madadin haske, wanda ke nuna siffar bairos sarai. Sai dai duk abin da za a sa a cikinsa dole a fara kashe shi ko a daskarar da shi. Zai nuna maka kamannin ɓarawo, amma ba zai nuna maka ta inda ya haura katanga ba. Ga shi kuma bairos ba ya iya hayayyafa shi kaɗai, sai ya shiga cikin sel mai rai ya mayar da shi masana'antar buga irinsa. Don haka duk mai son sanin halinsa, dole ya tanadar masa rayayyun sel.

Noman sel a cikin kwalba

A nan ne masana suka koma manoma. A shekarar 1962 wasu masu bincike a Jami'ar Chiba ta ƙasar Japan suka ɗebi sel daga ƙodar wani biri ɗan asalin Afirka, suka raine su a kwalba. Waɗannan sel, da aka raɗa wa suna Vero, har yau suna ta rabuwa suna yawaita a ɗakunan bincike na duniya baki ɗaya. Akwai kuma wasu da aka samo daga tsutsar sauro, ana kiransu C6/36, domin a ga yadda cutar ke zama a jikin shi kansa mai ɗaukar ta.

Ana zuba su a kwalbar roba mai faɗin gindi, a rufe su da wani jan ruwa mai ɗauke da sukari da gishiri da sinadaran gina jiki, a ajiye a akwatin ɗumi mai kama da injin ƙyanƙyasar ƙwai. Na biri suna son zafin digiri 37, daidai da jikin mutum, na sauro kuwa digiri 28. Cikin kwanaki kaɗan sai su bazu su rufe gindin kwalbar kamar an shimfiɗa tabarma. Daga nan sai a ɗiga ruwan jinin mara lafiya, a riƙa dubawa kullum. Idan akwai bairos mai kisa a ciki, sel ɗin da ke kwance lafiya za su fara dunƙulewa, su yamushe, su saki gindin kwalba su taso saman ruwa. Mai bincike bai ga ƙwayar da idonsa ba, amma ya ga aikinta, kamar manomin da bai ga tsutsa a cikin kara ba amma ya ga geronsa yana bushewa.

Wannan noma shi ya ba mu allurar rigakafin shawara da ake yi wa 'ya'yanmu. A 1927 wata tawagar likitoci mai hedikwata a Yaba ta Legas ta samo ƙwayar shawara daga jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi. Aikin ya ci rayuka: Dokta Adrian Stokes ya kamu ya rasu a Legas a wannan shekarar, Hideyo Noguchi ɗan Japan ya rasu a Accra a 1928. Daga baya Max Theiler, haifaffen Afirka ta Kudu, ya riƙa renon ƙwayar Asibi a cikin naman ɗan tayin ɓera, sannan na ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, yana sauya mata kwalba sama da sau 100, har ta rasa dafinta amma ba ta rasa ikon koya wa jiki yaƙi ba. A 1937 aka bayyana ta da sunan 17D, Theiler ya sami kyautar Nobel a 1951. Har gobe da jikokin wannan ƙwaya ake haɗa allurar, kuma Cibiyar Pasteur ta Dakar a Senegal tana cikin 'yan wurare ƙalilan da ke haɗa ta.

Ƙirga ƙwayar da ba a gani

A 1952 Renato Dulbecco, ɗan Italiya mai aiki a Amurka, ya gano hanyar ƙirga su, kuma da wata ƙwayar da sauro ke sa wa dawakai ya fara gwadawa. Ana tsarma ruwan da ke ɗauke da bairos sau da yawa, a zuba a kan tabarmar sel, sannan a rufe da wani abu mai kauri da ke daskarewa, ta yadda ƙwayar ba za ta iya yawo ba sai dai ta ci maƙwabtan da ke jikinta. Bayan kwanaki sai a zuba rini. Inda sel ke da rai ya kama launi, inda suka mutu ya bar farin tabo zagayayye. Kowane tabo daga ƙwaya guda ya faro. Ka ƙirga tabo, ka san yawan ƙwayoyin.

Daga wannan aka samo wani gwaji mai muhimmanci. Idan aka gauraya ruwan jinin mutum da sananniyar ƙwaya kafin a zuba, sai aka ga tabon ya ragu ƙwarai, to jinin yana da sojojin garkuwa da suka san wannan ƙwaya. Amfaninsa shi ne, dengi da shawara da Zika da Yammacin Nilu 'yan gida ɗaya ne, gwajin jini na yau da kullum yakan rikita su, wannan kuwa ya fi iya raba su. Da shi Farfesa Marycelin Baba ta Jami'ar Maiduguri da abokan aikinta suka duba jinin masu zazzaɓin da ake zargin maleriya ce ko taifod. A rahoton da suka wallafa a 2013, sun sami sojojin garkuwa na dengi, Yammacin Nilu, shawara da cikungunya a jinin da yawa daga cikinsu. Samun sojan ba lallai ya nuna cewa ƙwayar ce ta kwantar da mutum a wannan makon ba, amma yana nuna jiki ya taɓa haɗuwa da ita. Wato dai suna yawo a Arewa maso Gabas.

An rataya wa ɓarawo fitila

Duk waɗannan hanyoyi ɓarnar suke nunawa bayan ta auku. Kallon abin a lokacin da yake faruwa sai da wata halittar teku ta taimaka. A 1962 Osamu Shimomura ya ciro wani sinadari daga jikin wata halitta mai santsi da ke zaune a tekun Pasifik, wanda idan aka haska shi da shuɗin haske sai ya ƙyalla kore shar. A 1994 Martin Chalfie ya nuna cewa za a iya dasa umarnin haɗa wannan sinadari a jikin wata halittar daban ita ma ta ƙyalla. Su biyun tare da Roger Tsien suka raba kyautar Nobel ta 2008.

Masu binciken cutar sauro sai suka cusa wannan umarni a cikin ita kanta ƙwayar. Duk sel ɗin da ta shiga ta fara buga irinta, sai ya kama haske kore. Ana ɗora farantin a kan madubi mai nasa akwatin ɗumi domin kada sel su mutu, kyamara tana ɗaukar hoto duk bayan 'yan mintoci har kwana ɗaya ko biyu. Idan aka haɗa hotunan sai su zama bidiyo: ɗigon kore ɗaya, can ya zama biyar, can ya mamaye fili kamar gobarar daji da daddare. Wani nau'in madubin da ake kira kwanfokal yana amfani da hasken leza ya duba sel falle-falle daga sama zuwa ƙasa ba tare da an yanka shi ba. Wasu kuma suna amfani da sinadarin ƙwaron nan mai walƙiya da daddare a damina, wanda ke ba su damar bin sawun cutar a jikin ɓera mai rai.

Akwai kuma dabarar shafa wa rigar ƙwayar rini mai ƙyalli. Mai karatu zai ce, ai an ce madubi ba ya ganin ta? Haka ne. Amma idan mutum yana tafe a kan gaɓar kogi da tocila a hannu cikin duhu, ba ka ganin fuskarsa daga nesa, amma kana ganin inda ya nufa da inda ya tsaya.

Abin da aka gani

Da wannan dabara ta rini, masu bincike na Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan da na Jami'ar Harvard ta Amurka suka bi ƙwayar dengi ɗaya bayan ɗaya a 2008. Sun ga tana gangarawa a kan fatar sel har ta faɗa wani ɗan rami, sel ya haɗiye ta a cikin 'yar jaka kamar yadda yake haɗiye abincinsa. Jakar tana nutsawa ciki tana ƙara tsami, kuma wannan tsamin ne ke sa ƙwayar ta fasa jakar ta zubar da kayanta. Kowane mataki a cikin waɗannan ƙofa ce da masu neman magani ke ƙoƙarin toshewa.

Tun a shekarun 1970 Dokta Scott Halstead ya nuna a cikin kwalba cewa sojojin garkuwar da mutum ya samu daga nau'in dengi ɗaya, a cikin nau'i huɗu da ake da su, suna iya riƙe wani nau'in ba tare da sun kashe shi ba, har su raka shi cikin sel. Shi ya sa kamu na biyu yakan fi na farko haɗari.

A 2016, lokacin da ake ta haihuwar jarirai masu ƙananan kawuna a Brazil, masana suka zuba Zika a kan sel ɗin da ke gina ƙwaƙwalwar ɗan tayi, suka ga tana kama su tana kashewa. A wannan shekarar kuma wasu a Birtaniya suka nuna a jikin ɓera cewa kumburin da cizon sauro ke haddasawa yana janyo sojojin jiki zuwa wurin, ƙwayar ta kama wasunsu ta hayayyafa a ciki. Sannan binciken da aka yi a sel da jikin sauro ya nuna cewa wata ƙwayar bakteriya mai suna Wolbachia tana hana dengi yawaita a cikinsa. Da aka saki irin wannan sauro a birnin Yogyakarta na Indonesiya, sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna kamuwa da dengi ta ragu da kashi 77 cikin 100.

Faranti dai ba mutum ba ne, kuma ƙwayar da aka rataya wa fitila takan rage ƙarfi. Saboda haka duk abin da aka gani a kwalba sai an sake tabbatar da shi a jikin dabba da na majinyata kafin ya zama shawarar likita.

Ina ruwan Nguru da Gashuwa?

Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A 2016 zazzaɓin Kwarin Rift ya kashe makiyaya da dabbobi a jihar Tawa ta Nijar. A 2019 shawara ta ɓarke a Alƙaleri ta jihar Bauchi, a kewayen gandun dajin Yankari. A 2020 cikungunya ta kwantar da dubban mutane a Abeshe ta ƙasar Cadi. A ƙarshen 2023 hukumar NCDC ta tabbatar da ɓullar dengi a Sakkwato. Mu kuma muna da duk abin da waɗannan ƙwayoyi ke so: ruwa kwance a fadama da cikin kacalla, shanu da awaki masu ƙetara iyaka zuwa kasuwanninmu, randuna da jarkoki a kowane gida, ga kuma tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su sauka a dausayin Dagona kusa da Gashuwa lokacin hunturu. Ƙwayar Yammacin Nilu tsakanin tsuntsu da sauro take zagayawa, mutum tsautsayi ne ke faɗa masa. Mafi yawan waɗanda ta kama ba sa ma jin komai, amma kusan ɗaya cikin 150 takan taɓa masa ƙwaƙwalwa, musamman tsofaffi.

Abin farin ciki shi ne irin wannan ilimi ya fara zuwa gida. A 2021 aka buɗe cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, ƙarƙashin jagorancin Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar da ya yi suna a binciken ƙwaƙwalwa a Jami'ar Sussex ta Ingila. Cibiyar tana da madubin kwanfokal da ɗakin renon sel, tana horar da matasa, kuma tana binciken ciwon ƙodar da ya addabi Gashuwa. Kayan aiki da hannun da ke renon sel don ciwon ƙoda, su ne dai ake buƙata don cutar sauro. Ƙwayoyi masu tsananin haɗari kamar ta Kwarin Rift sai a ɗaki na musamman mai tace iska ake taɓa su, amma ana iya koyon aikin da marasa dafi irin 17D. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru, ga Jami'ar Tarayya a Gashuwa da aka kafa a 2013. Kiranmu ga hukumomi shi ne a haɗa waɗannan wurare a kan aiki guda: duk damina a riƙa adana jinin masu zazzaɓin da gwajin maleriya bai nuna komai ba, a sanyaya shi, a aika inda za a bincika. Wutar da ba ta yankewa ita ce gaba da komai, domin akwatin ɗumi ya mutu kwana ɗaya, aikin watanni ya lalace.

Abin da ya rage ga iyali

Na farko, duk zazzaɓi a fara da gwajin maleriya, domin ita ta fi kashe yaranmu. Idan ya nuna babu, kada a matsa wa ma'aikaci sai ya yi allura. A tambaye shi me kuma zai iya kasancewa. Gwajin dengi na gaggawa da gwajin PCR sun fi kama ƙwayar a kwanaki biyar na farko, don haka jinkiri yana ɓatar da sawu.

Na biyu, a zazzaɓin da ba a san kansa ba, farasitamol kaɗai za a sha, bisa ƙa'ida. A guji asfirin da ibuprofen da diclofenac, domin idan dengi ce suna iya jawo zubar jini. A yawaita ruwa, kunu da ruwan gishiri da sukari.

Na uku, saukar zazzaɓi ba kullum ne warkewa ba. A dengi, tsakanin kwana na uku da na bakwai, lokacin da jiki ya fara sanyi, a nan haɗarin yake. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini daga dasashi ko hanci, baƙin bayan gida, ko yaro ya yi laushi ya ƙi shan komai, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. Haka idan ido ya yi rawaya bayan zazzaɓi: kada a tsaya jiƙe-jiƙen shawara a gida, domin kusan rabin waɗanda cutar ta kai wannan mataki mai tsanani ba sa tashi.

Na huɗu, uwargida ki duba katin rigakafin yaronki. Allurar shawara a wata tara ake yin ta, kyauta ce, kuma sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Babban da bai taɓa yi ba shi ma ya nema.

Na biyar, sauron dengi da shawara baƙi ne mai fararen zane a ƙafa, da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma la'asar sakaliya, kuma a ruwa mai tsabta na cikin gida yake ƙwai. Gidan sauro da daddare wajibi ne, amma bai wadatar ba. A sa wa jariri gidan sauro ko a barcin rana. A rufe randa da duro da jarka. Ƙwansa yana maƙalewa a jikin mazubi ya jure fari na watanni, don haka sau ɗaya a mako a juye ruwan a goge cikin da soso. A kife tsofaffin tayoyi da gwangwanaye da fasassun tukwane.

Na ƙarshe, maigida mai kiwo, idan ka ga tumaki ko awaki suna ta ɓari a lokaci guda, ƙanana suna mutuwa, ka sanar da malamin dabbobi. Kada a taɓa ɗan tayin ko mahaifar da hannu tsirara, kada a yanka mara lafiyar a ci, a kuma tafasa madara kafin a sha.

Gani ya kori ji, in ji masu iya magana. Masana sun sha wahalar shekara kusan 100 kafin su ga abin da ke cikin cizon sauro, namu kawai mu yi aiki da abin da suka gani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu ga ƙarshen damina lafiya. Sai mako mai zuwa.